Barbara McClintock: Matar da ta karanta sirrin gado a jikin tsabar masara

Duk wanda ya saba sayen gasasshiyar masara a bakin titunan Jimeta, ko ya taɓa ɓare goyon masara a gonakin da ke kewaye da tafkin Geriyo, zai tuna cewa jefi-jefi akan ci karo da goyo mai tsaba launi-launi: fara a nan, rawaya a can, ga ja a tsakani. Wannan ba ya ɗaure wa manomi kai, domin ya san iska ce ta kwaso bununin wata gona ta zuba a kan gemun masararsa, kowace tsaba kuwa da nata uban. Abin da ya fi wuyar bayani shi ne tsaba ɗaya tal da za a gani da ɗige-ɗige a jikinta, kamar an yayyafa mata tawada. Irin wannan ba ta cika yawa a gonakinmu ba, an fi samunta a cikin masarar gargajiya ta nahiyar Amurka. Uba ɗaya, uwa ɗaya, gado ɗaya, amma wani sashe na fatarta ya yi launi, wani sashen bai yi ba.

Wata masaniya 'yar Amurka, Barbara McClintock, ta ƙarar da rabin rayuwarta a kan wannan tambaya: yaya gado guda zai yi aiki a wani wuri, ya yi shiru a wani wurin, kuma wane ne yake sa shi shirun? Tambayar ta fi ƙarfin gonar masara. Ita ce ke bayyana yadda ɗan tayi ke zama mutum mai ido da hanta da ƙashi, ita ce kuma ke bayyana abin da ya sa jaririn da aka haifa da cutar sikila yake shafe watanninsa na farko lafiya lau kafin ciwon ya bayyana.

An haife ta ranar 16 ga Yunin 1902 a birnin Hartford da ke jihar Connecticut. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya huɗu na wani likita, Thomas Henry McClintock, da matarsa Sara. Eleanor aka raɗa mata da farko, daga baya iyayen suka ga sunan ya yi wa halinta laushi, suka mayar da shi Barbara. Tana da kimanin shekara uku aka kai ta riƙo wajen dangi, saboda hannun mahaifinta bai buɗe ba tukuna, ba ta dawo gida ba sai da ta isa shiga makaranta. A 1908 iyalin suka koma Brooklyn a birnin New York. Ta tashi yarinya mai son kaɗaici, mai iya zama ita kaɗai tana tunani na tsawon lokaci, kuma tsakaninta da mahaifiyarta ba a cika jituwa ba.

Da ta gama makarantar sakandare ta Erasmus Hall a 1919, sai ta ce jami'a za ta. Mahaifiyarta ta ƙi, bisa dalilin da mai karatu a Arewa ba ya bukatar a fassara masa: tana tsoron kada karatu ya yi wa 'yar yawa ta rasa mijin aure. Ga kuma rashin kuɗi. Mahaifin yana Faransa a lokacin, inda ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Dawowarsa ce ta raba gardama, ya goyi bayan 'yarsa ana dab da rufe rajista. Ta shiga Kwalejin Aikin Gona ta Jami'ar Cornell a garin Ithaca, wadda a lokacin ba ta karɓar kuɗin makaranta daga 'yan jihar New York.

A 1921 ta ɗauki darasin ilimin gado a wajen wani malami, C. B. Hutchison. Ya lura da ƙwazonta, a farkon 1922 ya buga mata waya ya gayyace ta ajin manyan ɗalibai. Daga nan hanyarta ta miƙe: digirin farko a 1923, na biyu a 1925, digirin digirgir a fannin ilimin tsirrai a 1927. Ba karatu kaɗai ta sani ba, ta kaɗa banjo a wata ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai, har sai da aikin gona da na ɗakin bincike suka cinye mata lokaci.

A nan sai an ɗan tsaya an share fage. Jikin kowane mai rai, mutum ko shuka, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar kowace ƙwayar halitta akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, a jikinsu kuma aka jera ƙwayoyin gado, wato umarnin da ɗa ke gada daga uwa da uba: launin fata, nau'in jini, tsawon kara, zaƙin tsaba. Masana na wancan zamani sun ɗauki ƙwayoyin gado tamkar duwatsun carbi, kowane yana zaune daram a gurbinsa.

Masara ta dace da irin wannan bincike, domin kowace tsaba ɗa ce mai zaman kanta, goyo ɗaya kuwa yana ɗauke da ɗaruruwa, ana iya ƙirga su da ido. Amma aiki ne na wahala. Sai an rufe bununi da goyo da jakar takarda, a kwashi garin bununin wannan kara a zuba a kan gemun wancan da hannu, a rubuta lambar uwa da ta uba, sannan a jira kaka. (Mai fassara ba zai iya wucewa bai lura ba cewa sunanta, in aka karanta shi da Hausa, ya zo daidai da kalmar da muke kiran wannan aikin haɗa iri da ita.) A arewacin Amurka sau ɗaya ake noma a shekara, saboda haka kuskuren rana ɗaya asarar shekara guda ce.

Gwanintarta ta farko a madubin ƙara girma ta bayyana. Ta gyara hanyar rina kuromosom da wani jan rini, ta kuma zaɓi duba ƙwayoyin da ke shirin zama garin bununi maimakon na saiwa. Zuwa 1929 ta iya bambance kuromosom goma na masara ɗaya bayan ɗaya, ta tsawonsu da kullin da ke jikinsu, abin da ba wanda ya yi kafin ita. Wasu matasan masana suka taru a kewayenta a sashen da Rollins Emerson ke shugabanta, cikinsu har da Marcus Rhoades, wanda ya zama mai yi wa jama'a bayanin aikinta tsawon rayuwa, da George Beadle, wanda ya ci kyautar Nobel a 1958.

A 1931 ita da ɗalibarta Harriet Creighton suka warware wata tsohuwar matsala. An daɗe ana zaton cewa lokacin da jiki ke shirya iri, kuromosom na uwa da na uba sukan yi musayar gutsattsari, shi ya sa ɗa ke haɗa siffofin kakanninsa na ɓangare biyu, amma ba wanda ya gani da ido. Suka samo masara mai kuromosom na tara da ke da alama a kowane ƙarshe, kulli a wannan gefe, wani ƙarin tsawo a wancan. Suka bi alamomin tare da siffofi biyu na tsaba, launi da danƙon gari, suka nuna cewa duk inda siffofin suka yi musaya, alamomin ma sun yi. Thomas Hunt Morgan, jagoran fannin a lokacin, shi ya matsa musu su buga sakamakon ba tare da jiran wata damina ba. Da sun jira da an riga su, domin Curt Stern ya fitar da irin wannan sakamako a kan ƙudan 'ya'yan itace cikin shekarar. Har yau gwajin yana cikin littattafan da ɗaliban kimiyyar halittu ke karantawa.

Suna ya fita, aikin yi bai samu ba. Jami'o'in Amurka na lokacin ba su cika ba mace kujerar farfesa a irin wannan fanni ba, ga kuma karayar tattalin arziki da ta game duniya. Ta shiga rayuwa da tallafin bincike na shekara-shekara, tana zirga-zirga tsakanin Cornell da Missouri da California. A 1933 ta sami tallafin Guggenheim ta tafi Jamus wajen Richard Goldschmidt a Berlin, sai ta tarar 'yan Nazi sun hau mulki suna korar malamai Yahudawa. Ba ta kammala wa'adinta ba ta dawo gida. Sai a 1936 Lewis Stadler ya samo mata muƙamin ƙaramar farfesa a Jami'ar Missouri. Can ma ba ta sake ba. Ba a kiranta taron malamai, ta kuma ga babu alamar ƙarin girma. Ita ma, a faɗi gaskiya, ba mai sauƙin zama ba ce: ba ta ɓoye ra'ayinta, ba ta da haƙuri da mai jinkirin fahimta, dokokin ofis kuwa ba su dame ta ba. A 1941 ta tattara nata ya nata.

Duk da haka shekarun Missouri sun yi albarka. Ta bi diddigin abin da ke faruwa idan hasken eksire ya karya kuromosom. Ta ga cewa karyayyen baki yakan manne da wani karyayyen, sa'an nan lokacin rabuwar ƙwayar halitta a ja su a sake tsinkewa, haka ta yi ta maimaituwa. Daga nan ta fahimci cewa lafiyayyen kuromosom yana da wani murfi a bakinsa mai hana shi mannewa. Wannan karyewa da mannewa da ta bayyana a masara, yau masu binciken cutar daji suna ganinta a ƙwayoyin ciwon a jikin mutum.

A Disambar 1941 Milislav Demerec ya ba ta gurbi a sashen ilimin gado na Cibiyar Carnegie da ke Cold Spring Harbor, a tsibirin Long Island. Ba koyarwa, ba taron kwamiti, sai gona da madubi da albashi. Ta zauna a nan shekara hamsin. A 1944 aka zaɓe ta cikin Majalisar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka, mace ta uku da ta taɓa shiga, a 1945 kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana ilimin gado ta ƙasar. Wannan yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya: ba baƙuwa ba ce mai neman a san da ita, tana cikin manyan fannin.

A shukar da ta yi a 1944, daga irin da kuromosom ɗinsa na tara ya sha karyewa, sai ta ga tsiro masu ganye da zane-zane iri-iri. Wani abu ya ja hankalinta. Sau da yawa zanen yakan zo tagwaye: yanki ɗaya ɗigonsa ya yi yawa, na kusa da shi ya yi ƙaranci, kamar ƙwayar halitta ɗaya ta rabu biyu, 'ya ɗaya ta sami wani abu da 'yar uwarta ta rasa. Ta ɗauki shekara huɗu tana neman wannan abu. Ta fara gano wani gurbi a kuromosom na tara inda karyewa ke yawan aukuwa, ta sa masa suna Ds, wato mai rabewa. Sai ta ga ba ya aiki shi kaɗai, sai in akwai wani na biyu a wani wuri daban, wanda ta kira Ac, mai tayarwa. A 1948 ta tabbatar da abin da ba wanda ya yi tsammani: su biyun ba su da mazauni ɗaya. Suna tashi daga wannan gurbi su sauka a wancan, har ma daga kuromosom zuwa wani.

Da wannan ɗige-ɗigen tsaba suka sami bayani. Idan Ds ya sauka a cikin ƙwayar gadon da ke ba tsaba launi, sai ta daina aiki, tsaba ta fito fara. In akwai Ac, yayin da tsabar ke girma Ds yakan tashi a cikin wata ƙwayar halitta, launi ya dawo a cikinta da duk zuriyar da za ta haifa. In ya tashi da wuri, zuriyar ta yi yawa, tabon ya yi faɗi. In ya makara, sai ƙananan ɗigo. Ta kuma lura cewa yawan Ac yana sauya lokacin tashin: in ya ƙaru, tashin ya jinkirta. Duk wannan ta gano shi ne da ƙirgar tsaba da duban madubi, shekaru kafin a san siffar sinadarin DNA da aka yi ƙwayoyin gado da shi.

Jama'a sun fi sanin wannan bincike da sunan ƙwayoyin gado masu tsalle. Ita kuwa tsallen bai dame ta ba kamar sarrafawar. Abin da ta hango shi ne amsar babbar tambayar girma: tunda ƙwayar halittar ganye da ta saiwa gado ɗaya suke ɗauke da shi, dole akwai wani mai kunna wannan ya kashe wancan, a lokacin da ya dace. Ta yi imanin cewa waɗannan masu ƙaura su ne ke wannan aiki, shi ya sa ta kira su masu sarrafawa.

Ta buga bayanin a 1950, ta kuma gabatar da shi a babban taron Cold Spring Harbor na 1951. Ba a yi tafi ba. Jawabin yana da tsawo, cike da lissafin tsaba, kuma 'yan kaɗan ne a zauren suka san masara sosai. Bayan wata maƙala da ta fitar a 1953, wadda mutane ƙalilan suka nemi kwafinta, sai ta rage aika aikinta ga mujallu, ta koma rubuta shi a rahoton shekara-shekara na Carnegie. A wannan shekarar ce James Watson da Francis Crick suka bayyana siffar DNA, hankalin matasan masana ya karkata ga ƙwayoyin cuta masu hayayyafa cikin mintuna, aka bar mai jiran kaka da gonarta.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne an yi mata kallon mahaukaciya shekara talatin saboda ita mace ce. Littafin Evelyn Fox Keller na 1983 ya taimaka wajen kafa wannan hoto. Amma masanin tarihi Nathaniel Comfort, wanda ya bi takardunta ya buga nasa littafin a 2001, ya nuna lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Masana masara sun yarda da batun ƙaura tun da wuri, wasunsu ma sun maimaita gwajin sun same shi daidai. Abin da suka ƙi karɓa shi ne cewa ƙaurar ce ke tafiyar da girman halitta. A nan kuwa, in za a yi adalci, sun fi ta gaskiya. Wariyar da ta sha wajen neman aiki gaskiya ce, amma ba kowace gardama da aka yi da ita ce wariya ba.

Sai dai akwai wani abu da ta gani a shekarun 1950 wanda ya fi tsallen kusa da batunmu. Ta lura cewa Ac, da wani ɗan uwansa da ta sa wa suna Spm, sukan yi shiru alhali suna nan a gurbinsu, ba abin da ya ɓace daga jikinsu. Shirun yakan bi iri zuwa 'ya'ya da jikoki, sa'an nan wata rana su farka. Wato ana iya kulle ƙwayar gado ba tare da an lalata ta ba, kuma kullen yana iya zama gado. Ba ta da kayan aikin da za ta ga kwaɗon. Sai a tsakiyar shekarun 1980 aka gano cewa wani ɗan ƙaramin sinadari ne mai suna metil ake liƙa wa DNA, ya zama alamar a rufe.

Daga 1957 ta ba da shekaru wajen nazarin ire-iren masarar gargajiya a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, mahaifar wannan shuka, tana bin kullin kuromosom don gano yadda iri ya bi fatake da manoma daga ƙasa zuwa ƙasa. Sakamakon ya fito a littafi a 1981. A 1961, da Faransawa biyu, François Jacob da Jacques Monod, suka nuna yadda wani furotin ke danne ƙwayoyin gado a jikin bakteriya, ta rubuta maƙala tana kwatanta aikinsu da nata. Su aka ba Nobel a 1965.

Lokacinta ya zo ta wata ƙofa. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara ganin masu ƙaura a bakteriya, inda suke ɗaukar ƙarfin bijire wa magani daga wannan wuri zuwa wancan, sai a yis, sai a ƙuda. Ta karɓi lambar kimiyya ta ƙasa ta shekarar 1970 daga hannun Shugaba Richard Nixon. A 1981 kaɗai ta sami kyautar Lasker da ta Wolf da tallafin MacArthur. A 1983 Nina Fedoroff ta ciro Ac da Ds a ɗakin bincike, aka ga jikinsu. A Oktoban wannan shekara aka sanar da cewa ta ci kyautar Nobel a fannin likitanci, tana da shekara 81, mace ta farko da ta ci wannan rukuni ita kaɗai ba tare da abokin rabo ba. A rediyo ta ji labari, domin ba ta ajiye waya a gida ba. Kyautar kuwa ta gano masu ƙaura ce, ba ta sarrafawa ba, abin da ita ta fi ɗauka da muhimmanci.

Da aka karanta gadon ɗan Adam a 2001, sai aka tarar kusan kashi 45 cikin 100 nasa ragowar masu ƙaura ne. A masara, bisa sakamakon 2009, sun kai kimanin kashi 85. Galibinsu sun mutu a gurbinsu, sauran kuma jiki yana tsare da su ta hanyar alamar metil da wasu furotin masu kulle ƙwayoyin gado. In tsaron ya kuskure akan ga illa. A 1988 Haig Kazazian ya sami marasa lafiya biyu da jininsu ba ya daskarewa saboda wani mai ƙaura ya sauka a tsakiyar ƙwayar gadon da ke tsayar da jini, daidai yadda Ds ke sauka a ta launin masara.

Masu sarrafawar da ta yi ta nema kuwa, mafi yawansu furotin ne, kuma da damansu aikinsu sa shiru. Wani rukuni mai suna Polycomb, wanda Edward Lewis ya bayyana aikinsa a ƙuda a 1978, shi ke hana sashen jiki ɗaukar siffar wani sashen. A mutum, lalacewar ɗaya daga cikinsu tana da hannu a wasu cututtukan daji na jini. Wani mai suna MeCP2, wanda aka gano a 1992, yana bin alamar metil a ƙwaƙwalwa, kuma a 1999 ɗakin binciken Huda Zoghbi ya nuna cewa lalacewarsa ce ke kawo cutar Rett, wadda ke sa yarinya ta fara girma lafiya sannan ta rasa magana da amfani da hannu.

Wanda ya fi shafar Najeriya shi ne BCL11A. Ɗan tayi yana da nasa nau'in himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, dabam da na babba. Bayan haihuwa jiki yakan rufe ƙwayar gadon na tayi ya buɗe ta babba. Kuskuren sikila yana cikin ta babba ne. Shi ya sa iyaye a Yola, ko a ko'ina, suke ganin jaririnsu garau, sai ya kai wajen wata shida a fara kumburin hannu da ƙafa da kukan da ba ya jin rarrashi. Wata likitar yara a Brooklyn, Janet Watson, ita ta fara danganta wannan jinkiri da jinin tayi a 1948, shekarar da McClintock ta gano ƙaura, a unguwar da ta tashi. A 1955 George Edington, wanda daga baya ya koyar a Ibadan da Zariya, tare da Hermann Lehmann, suka ba da labarin wasu mutane a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, waɗanda jininsu ya nuna sikila amma suna cikin ƙoshin lafiya, saboda jinin tayi bai rufe a jikinsu ba.

Sai a 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka nuna cewa BCL11A ne mai rufewar. Dabara ta fito fili: in aka hana mai sa shiru aikinsa, jinin tayi zai dawo ya rufa wa mai sikila asiri. Amma ba a iya kawar da shi gaba ɗaya, domin yana aiki a ginin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki, kuma yaran da aka haifa da naƙasa a cikinsa sukan sami jinkirin koyo. Sai aka nemo ɗan makunnin da ke tayar da shi a jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka kuma a Disamba, wannan makunni yake yankewa a ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, sannan a mayar masa da su bayan an share tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. A Najeriya kuwa, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da gadon sikila, kuma ake ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara, abin da hannu ke iya kaiwa shi ne gwajin jini kafin aure, da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da maganin haidiroksiyuriya, wanda shi ma ɗaga jinin tayi yake yi, amma sai bisa umarnin likita da gwajin jini a kai a kai.

BCL11A ba mai ƙaura ba ne, ba kuma McClintock ce ta gano shi ba. Abin da ya haɗa su shi ne tunanin da ta riƙe lokacin da yawancin abokan aikinta suka shagala da ƙirga ƙwayoyin gado: cewa lafiyayyar ƙwayar gado tana iya kasancewa a jiki a kulle, kuma abin da aka kulle yana buɗuwa.

Ita kam ba ta ga wannan magani ba. Ta yi ritaya a hukumance a 1967, amma ta ci gaba da zuwa ɗakin bincikenta na Cold Spring Harbor har kusan ƙarshen rayuwarta, tana karɓar ɗalibai, tana ƙosawa da 'yan jarida da suka hana ta sakat bayan Nobel. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Ta rasu ranar 2 ga Satumbar 1992 a garin Huntington na jihar New York, tana da shekara 90. A 2005 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonta. Littattafan da ta rubuta lissafin tsabar masararta a ciki suna ajiye a birnin Philadelphia.